Antoniyo Bibaldi (1678–1741): Limami Mai Goge, Malamin Marayun Benis

Duk ɗalibin da ya ɗauki gogen Turawa da niyyar koyo, ko a Jamus yake ko a Japan ko a Amurka, da wuya ya yi nisa bai ci karo da sunan Antoniyo Bibaldi ba, watau mutumin da Italiyawa ke rubuta sunansa Antonio Vivaldi. A littafi na 4 na jerin littattafan koyon goge waɗanda Shinichi Suzuki na Japan ya tsara, akwai wani kiɗa nasa da yara ke fama da shi har yatsunsu su saba. Dalili kuwa shi ne, kaso mai yawa na abin da mutumin nan ya tsara, tun asali ɗalibai ya yi wa, 'yan mata marayu waɗanda aka ba shi ya koyar a wani gida a birnin Benis na ƙasar Italiya. Ya yi suna har sarakunan Turai suna neman aikinsa, amma a baƙon gari ya ƙare cikin talauci, aka manta da shi kusan shekara 200.

Kayan Aikinsa

Gogen Bahaushe ƙoƙo ne da aka rufe da fata, tsirkiyarsa ɗaya, ta izgar doki. Na Turawa kuwa, wanda suke kira biyolin, da katako ake harhaɗa shi, cikinsa rami, tsirkiyarsa huɗu, kuma a zamanin Bibaldi da hanjin tumaki ake murɗa su. Abin gogawar ne kaɗai ya yi daidai da na Hausa, domin shi ma izgar doki ce, ana kuma shafa masa ƙaro don ya kama tsirkiya. Gogen nan 'yan gida ɗaya ne su huɗu. Biyolin shi ne ƙarami mai zaƙin murya, sai biyola da ta ɗan ɗara shi girma da kauri, sai celo wanda ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, sa'an nan bas, wanda ya kai tsayin mutum. In an tara su ƙungiya guda, akan raba masu biyolin kashi biyu, na farko da na biyu, a kuma ƙara da hafsikod, wani kakan piyano, domin ya riƙe musu gindin kiɗa. A daidai wannan zamani ne Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, yake birnin Kiremona yana sassaƙa gogen da har yau ba su da na biyu wajen tsada.

Babban bambanci shi ne, kiɗan nan a rubuce yake. Mai tsara shi yakan zana wa kowane makaɗi abin da zai goga a takarda, sauti bayan sauti. Saboda haka kiɗa yana iya kwanciya cikin akwati shekara ɗari bayan mutuwar mai shi, wani ya buɗe ya tashe shi kamar jiya aka tsara.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Bibaldi a Benis ran 4 ga watan Maris, 1678. Da rauni ya zo duniya, har ungozoma ta yi masa baftisma nan take a gida don tsoron kada ya mutu, sai bayan wata biyu aka kai shi coci aka cika sauran al'ada. Mahaifinsa, Giovanni Battista, wanzami ne da ya koma sana'ar goge, ya kuma gwanance har aka ɗauke shi cikin makaɗan babban cocin San Marko a 1685. Mahaifiyarsa, Camilla Calicchio, 'yar tela ce. A hannun uban yaron ya koyi goge, a wurinsa kuma ya gaji jan gashi.

Yana ɗan shekara 15, a 1693, aka sa shi hanyar zama limamin coci, aka naɗa shi a 1703. Daga nan mutanen gari suka laƙaba masa Jan Limami, saboda gashinsa. A ƙasar Hausa, inda aka fi danganta goge da bori da wasan 'yan duniya, limami mai goge abin a tsaya a kalla ne. A Italiya ta wancan zamani kuwa coci ita ce babbar uwar ɗakin makaɗa, limanci kuma tsani ne da ɗan talaka kan taka ya sami shiga wurin manya. Sai dai Bibaldi bai daɗe yana jan babbar addu'ar coci ba ya daina. Hujjarsa ita ce ƙuncin ƙirji da ya ce da shi aka haife shi, wanda masana da dama ke jin ciwon fuka ne. Daga baya an yi ta yaɗa labari wai tsakiyar addu'a yakan fice don ya rubuta wani kiɗa da ya faɗo masa. Labarin yana da daɗin ji, amma ya fi kama da ƙage. Rigar limanci dai bai tuɓe ta ba har ya mutu.

Gidan Marayu na Piyeta

A watan Satumba na 1703 aka ɗauke shi malamin goge a gidan marayu na Piyeta, a kan albashin dukat 60 a shekara. Wannan gida, wanda aka kafa tun ƙarni na 14, ɗaya ne daga cikin irinsa huɗu a Benis. A jikin bangonsa akwai wata 'yar kafa daidai shigar jariri, inda uwar da ta rasa yadda za ta yi kan ajiye ɗanta ta tafi ba wanda ya gan ta. Maza akan koya musu sana'a su fita. Mata kuwa akan kasa su biyu: mafi yawa su koyi ɗinki da saƙa da aikin gida, 'yan kaɗan da aka ga suna da kunne a ware su domin kiɗa da waƙa.

Waɗannan 'yan kaɗan su ne arzikin gidan. Ran Lahadi da ranakun idi sukan yi kiɗa a cikin coci, daga kan wani bene, bayan ragar ƙarfe, yadda masu sauraro ba sa ganin fuskokinsu sosai. Attajirai da baƙi daga ƙasashen Turai sukan cika wurin, su biya kuɗin kujera, wasu su bar wa gidan wasiyyar dukiya. Tun da yake ba a tafi a coci, in kiɗa ya yi wa jama'a daɗi sai su yi ta tari da gyaran murya da shuri da ƙafa. 'Yan matan ba su da sunan uba, don haka da kayan kiɗansu ake kiransu: wance ta goge, wance ta celo. Wadda duk ta yi aure, sai mijin ya ɗauki alkawari ba za ta ƙara kiɗa a bainar jama'a ba. Saboda haka da yawa suka zaɓi zama a gidan har tsufa, suna koyar da na bayansu.

Wadda ta fi shahara cikinsu ita ce Anna Maria ta goge, wadda aka haifa a 1696, ta rayu a gidan har ta rasu a 1782. Ban da biyolin, ta iya celo da hafsikod da wasu kayan kiɗa masu tsirkiya irin na yatsa. Bibaldi ya tsara mata kiɗa fiye da 20 da sunanta a kai, kuma littafin da take dubawa in za ta goga yana nan ajiye a Benis. Wanda ya duba wahalar abin da aka rubuta mata zai san ba aikin 'yan koyo ba ne. A nan ne sa'ar Bibaldi take. Ya sami ƙungiyar makaɗa da ba ta zuwa ko'ina, kullum tana gabansa, abin da ya rubuta da dare yana iya jin sa da safe, ya gyara. Kuma da yake gidan yana da kayan kiɗa iri-iri, sai ya yi ta rubuta wa waɗanda wasu ba su kula da su ba. Celo kaɗai ya tsara masa kiɗan jagora 27, basun kuwa, wani dogon abin busa mai kaurin murya, 39.

Zamansa da hukumar gidan bai yi daɗi ba ko kaɗan. Kowace shekara sai an jefa ƙuri'a kan malamai, a ga wanda za a riƙe. A 1709 ƙuri'a ta kā da shi, bakwai da shida, aka sallame shi. A 1711 suka dawo da shi ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, a 1716 kuma ya zama shugaban kiɗan gidan. A shekarar nan ya tsara Juditha triumphans, wani dogon kiɗa da waƙa na addini, don murnar nasarar da Benis ta samu kan rundunar Turkawa a tsibirin Korfu. 'Yan matan ne suka rera kome, har da muryoyin mayaƙa maza.

Konceto

Abin da ya fitar da sunansa waje shi ne wani kundi mai suna L'estro armonico, wanda Estienne Roger ya buga a Amsadam ta ƙasar Holan a 1711. Kiɗa 12 ne, wasu na goge ɗaya, wasu biyu, wasu huɗu, tare da ƙungiya. Irin wannan kiɗa shi ake kira konceto, watau inda jagora ɗaya, ko 'yan kaɗan, ke musayar kiɗa da sauran ƙungiya. Giuseppe Torelli da Tomaso Albinoni sun riga shi fara wannan, amma shi ya kafa masa tsarin da kowa ya bi. Konceto nasa kashi uku ne: na farko mai sauri, na tsakiya mai sanyi kamar waƙa, na ƙarshe mai sauri kuma. A cikin masu saurin, ƙungiya kan buɗe da wani kari mai saurin shiga kunne, wanda ake kira ritonelo, ma'anarsa ɗan abin da ke dawowa. Daga nan jagora ya fita shi kaɗai ya nuna gwanintarsa, ƙungiya ta dawo da karin, jagora ya sake fita, haka har ƙarshe.

Wanda ya saba da waƙar makaɗan Hausa zai ga kamar jagora ne da 'yan amshi, kuma bai yi kuskure ba sosai. Bambancin shi ne, amshin Bibaldi ba ya dawowa yadda ya tafi. Wani lokaci rabinsa kaɗai zai dawo, wani lokaci ya dawo a wani matakin murya dabam, ko da fara'a ko da ɗan duhu, sai a ƙarshe ya koma inda ya faro. Ta haka mai sauraro kullum yana da abin riƙewa, kuma kullum yana ɗokin jin ta inda za a ɓullo.

Kundin nan ya zaga Turai. A Jamus, Johann Sebastian Bach ya zauna ya juya shida daga cikin 12 ɗin zuwa kiɗan hafsikod da na molon coci, kuma salonsa ya sake tun daga lokacin. Johann Georg Pisendel, gwanin goge na fadar Diresdin, ya zo Benis a 1716 ya yi karatu a hannun Bibaldi, ya koma gida da tarin takardu. Wani baƙo Bajamushe, Uffenbach, wanda ya gan shi yana goge a 1715, ya rubuta cewa yatsunsa sun hau har kusa da jakin gogen, inda abin gogawa ke neman rasa wurin bi.

Shekarun Ɗaukaka

Bibaldi mutum ne mai son kuɗi da son yabo, kuma kuɗi a Benis wurin opera suke, watau wasan kwaikwayo na waƙa. Na farkonsa, Ottone in villa, an yi shi a Bicenza a 1713. Bayan haka ya riƙe gidan wasa na Sant'Angelo, shi ne mai tsara kiɗa, shi ne mai ɗaukar mawaƙa, shi ne mai ɗaukar hasara. Shi da bakinsa ya ce ya yi opera 94, amma kusan 50 aka iya tabbatarwa. Daga 1718 zuwa 1720 ya yi aiki a fadar gwamnan Mantuwa, ya kuma yi wasanni a Roma a 1723 da 1724. Da hukumar Piyeta ta ga ba zai zauna wuri ɗaya ba, sai ta yi jinga da shi a 1723, ya riƙa aiko da konceto biyu kowane wata. Littattafan kuɗin gidan sun nuna an biya shi ladan guda 140 a shekarun da suka biyo baya.

A 1725 aka buga kundinsa na 8, wanda ya buɗe da konceto huɗu da aka sani da Lokuta Huɗu na Shekara. Lokutan Turai ba su yi daidai da na ƙasar Hausa ba: akwai na tohon itatuwa, da na zafi, da kaka, da hunturu mai ƙanƙara. Kowane ɗaya yana tafe da 'yar gajeruwar waƙa a rubuce, aka kuma sa alama a takardar makaɗa inda kowane baiti ya faɗa. A na farko, goge uku suna kukan tsuntsaye, daga baya makiyayin awaki ya yi barci, biyola tana ta maimaita sauti biyu masu kaushi, watau haushin karensa. A na zafi akwai ƙudaje da ke hana makiyayi sakat, sai hadari ya ɓarke. A kaka manoma sun sha sun bugu, jagora yana tangaɗi, da gari ya waye mafarauta suka fita. A hunturu haƙora na kaɗawa, sa'an nan masu goge su ajiye abin gogawa su riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa, kamar ɗigar ruwan sama a waje, mutum yana ɗaki yana jin wuta. Gwanintar ita ce, duk wannan zane ya shige cikin tsarin jagora da amshi ba tare da ya karya shi ba. Na farkon ya karɓu a Faransa ƙwarai, har Sarki Luwi na 15 ya nemi a kaɗa masa shi a 1730.

A 1728 ya sadu da Sarkin Sarakuna Carls na 6 na Ostiriya a kusa da Tiriyeste, wanda ya riga ya sadaukar masa da kundinsa na 9, sarkin kuma ya yi masa kyauta mai tsoka. A 1733 ya shaida wa wani Bature ɗan Ingila, Edward Holdsworth, cewa ya daina buga kiɗansa, domin sayar da rubutun hannu ya fi riba: gini ɗaya kowane konceto, watau fam da sule. A lissafin aljihu ya yi daidai. Sai dai abin da ba a buga ba, in mai shi ya mutu, a akwati ɗaya yake kwana.

Faɗuwa da Rasuwa

Tun wajen 1730 kunnen mutanen Benis ya fara komawa ga sabon salon mawaƙan Nefuls, mai sauƙi da laushi. Mahaifinsa, wanda shi ne babban mai kwafa masa takardu kuma abokin tafiyarsa, ya rasu a 1736. Shekara ɗaya bayan haka aka yi masa bugun da bai farfaɗo ba. Ya zuba kuɗi ya shirya opera a Ferara, sai Kadina Tommaso Ruffo, babban limamin garin, ya hana shi shiga. Laifinsa biyu: limami ne da ba ya jan addu'a, kuma yana yawo da wata mawaƙiya, Anna Girò, ɗalibarsa, wadda ita da 'yar'uwarta suka daɗe cikin ayarinsa. A wata wasiƙa da ya rubuta a watan Nuwamba na 1737, ya musanta zargin, ya ce rashin lafiya ce ta sa ba ya iya tafiya sai da masu kula da shi, kuma gidansa dabam, nasu dabam. Har yau ba a sami wata shaida da ta ƙaryata shi ba, amma hukuncin bai tashi ba.

Wani Bafaranshe, Charles de Brosses, wanda ya sadu da shi a 1739, ya tarar da tsoho mai zafin aiki, yana alfaharin zai tsara konceto kafin mai kwafa ya gama kwafe shi, amma garinsu ya gaji da shi. A watan Maris na 1740 'yan matan Piyeta suka kaɗa wa wani yarima na Saksoni sababbin ayyukansa. Bayan haka ya sayar wa gidan da tarin konceto, ya bar Benis ya nufi Biyana. Alamu sun nuna Carls na 6 ya dogara da shi. Sarkin kuwa ya rasu a watan Oktoba na wannan shekara, aka rufe gidajen wasa don makoki, yaƙin gādo ya biyo baya. Makaɗin fada da sarkinsa ya mutu, ko a ina yake, ya san abin da wannan ke nufi.

Bibaldi ya rasu a daren 27 wayewar 28 ga watan Yuli, 1741, yana da shekara 63, a gidan wata gwauruwa matar baduku mai ɗinkin sirdi. A ranar aka rufe shi a maƙabartar asibitin gari, kusa da cocin Karlskirche. Kuɗin jana'izarsa fulorin 19 da kuroiza 45 ne, da ɗan ƙaramin bugun ƙararrawa. Wani mai rubuta tarihin Benis ya ambaci mutuwarsa a taƙaice, ya ce ya taɓa samun dukat 50,000 amma almubazzaranci ya sa ya mutu matalauci. Maƙabartar ma daga baya an tashe ta. Jami'ar fasaha ta Biyana ce a wurin yanzu, sai wani allo a bango mai ɗauke da sunansa.

Yadda Aka Tono Shi

A ƙarni na 19, masana na Jamus masu bin diddigin Bach ne suka fara tambayar ko wane ne wannan Ba'italiye da gwaninsu ya yi ta kwafa. Takardunsa na hannu kuwa sun bi ta hannun wani attajirin Benis, Jacopo Soranzo, suka faɗa hannun Giacomo Durazzo, jakadan Ostiriya, daga baya magada suka raba su biyu. A 1926 wata makarantar limamai a yankin Monferato, wadda aka bar wa rabi ɗaya, ta so sayar da tsofaffin littattafai don ta gyara gini. Aka tura wa ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin, shugabansa Luigi Torri ya kira Alberto Gentili, malamin tarihin kiɗa, ya duba. Sai ga kundi 14 na Bibaldi. Lambobin shafukan suka nuna akwai saura, aka bi zuriyar Durazzo har aka samo su a Jenowa a 1930. Attajirai biyu suka biya kuɗin, Roberto Foà da Filippo Giordano, kowanne don tunawa da ƙaramin ɗansa da ya rasu. Kiɗan da aka tsara wa 'ya'yan da iyaye suka yar, iyayen da suka rasa 'ya'ya ne suka fanshe shi.

Gentili bai ci moriyar wahalarsa ba, domin Bayahude ne, dokokin wariya na gwamnatin Musolini suka raba shi da aikinsa a 1938. A shekarar ne kuma aka gano cewa a Biyana Bibaldi ya mutu. A watan Satumba na 1939 Alfredo Casella ya shirya makon Bibaldi a Siyena. Bayan yaƙin duniya na biyu faifan garmaho ya ƙarasa aikin, musamman wanda ƙungiyar I Musici ta ɗauka na Lokuta Huɗu a 1955.

Yanzu an san konceto nasa kusan 500, wajen 230 na biyolin ɗaya ne, kuma ana kiransu da lambobin RV, bisa jerin da Peter Ryom ɗan Denmak ya tsara. Wanda yara ke koya a littafin Suzuki shi ne RV 356, na shida a kundin 1711. Igor Stravinsky ya taɓa yi masa gori cewa tsari ɗaya ya yi ta maimaitawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai ba da konceto biyu kowane wata dole wani lokaci ya ɗinka sabuwar riga da tsohon ƙyalle. Amma gorin ya manta da cewa malami ne mai auna kowane kiɗa da hannun da zai goga shi, wannan don Anna Maria, wancan don yarinyar da ta fara riƙe celo bara. Takardunsa kuma ba su gama fitowa ba. A 2002 aka gano operarsa Motezuma a wani tarin takardu a Balin, a 2010 kuma aka sami wani konceto nasa na sarewa cikin takardun wani gidan sarauta a ma'ajiyar tarihi ta Sikotlan.